Naɗin Hagu

Tunda nake ban taɓa kama kifi da ƙudan da na ɗaura ba, kuma duk cikinmu mu arba'in da shida da ke aiki a ɗakin nan na San Kampeng babu wadda ta taɓa. Mu ɗauri ne aikinmu. A ba ki ƙugiya da zare, da gashin wuyan zakara, da na ɗawisu, da ɗan gashin zomo, ki zauna ki haɗa su har su zama ƙwaro. Wasu na rafi ne, ƙanana kamar ƙwayar shinkafa. Wasu na teku ne, jatan lande da ƙaguwa masu idon ƙarfe. Duka dai ƙuda muke ce musu. A zuba a kwali a kai ƙasashen da ruwansu ke daskarewa, can wasu su shiga rafi har gwiwa su yaudari kifi da shi, su kama, su ɗauki hoto, su sake shi. Haka aka ce mana. Pi Tim, wato Yaya Tim, wadda ke zaune a bayana, ta ce ranar da ta ga an saki kifi da idonta, ranar za ta yarda akwai mahaukata masu fasfo.

Teburin farko, wanda ke jikin taga, na Pa Buapan ne, Pa wato gwaggo a bakinmu. Ita ke ɗaura samfuri. In masu saye suka turo hoton sabon fasali, ita za ta duba ta ɗaura guda shida, a manna kowanne a kan kati mai sunanta, a raba wa layuka shida. Abin da kika gani a kati shi za ki yi, ba ƙari ba ragi, ba tambaya. Akwai shekarar da wani mai saye ya turo ƙudansa na gwaji mai siffar fara a ambulan, ƙafa ɗaya ta karye a hanya. Dozin ɗari uku muka ɗaura masu ƙafa biyar. Har yau in aka tuna sai an yi dariya, amma dokar na nan yadda take.

Shekara talatin da ɗaya Pa Buapan ta yi a kujerar nan, ba a taɓa dawo da kwali ko ɗaya saboda samfurinta ba. Ba ta faɗin haka da bakinta, amma kowa ya san da shi take tinƙaho. Mijinta ya rasu, gonarsu ta tafi, abin da ya rage mata kujerar nan ce da 'yarta Keson.

Ni kuwa ita ta yi ni. Ina 'yar shekara goma sha tara na zo, bahaguwa, shugabar layi ta lokacin ta ce ko in koma dama ko in koma gida. Kwana uku ina fama da hannun dama, zare na tsinkewa, ina kuka ina share majina. Rana ta huɗu Pa Buapan ta taso daga taga, ta kwance ƙarfen da ke riƙe ƙugiyata, ta juya shi ya kalli ɗaya ɓangaren, ta ɗaure.

"Kifi bai san dama da hagu ba," ta ce da shugabar. Ta juyo kaina. "Ke kuma 'yar hagu, share hancinki, kina ɓata mana gashin ɗawisu."

Shekara ashirin da biyu ke nan. Na hau har teburi na biyu, kuma ni ce mai manna samfurinta a kati in raba.

Farkon daminar bara abin ya fara. An turo wata tsutsar rafi mai kalar ganyen da ya fara bushewa, kore-kore. Pa ta ɗaura shidanta, ta turo min a faranti kamar kullum, ta ɗauki kwandon shinkafarta ta fita cin abinci ƙarƙashin bishiyar lamyai da sauran mata. Na duba faranti. Shuɗi ta sa, ba kore ba. Biyu daga ciki kuma zare ya rufe ramin ƙugiyar, wurin da mai kamun kifi zai zura igiyarsa. Ko 'yar koyo ta wata ɗaya ba ta wannan.

To me zan yi? In bi ta ƙarƙashin bishiya in ce, Pa, kin yi kuskure? A gaban mata? Mu nan ba a haka. Ko ita kaɗai ce, bakina ba zai iya ba. Matar da in zan wuce gabanta sai na rusuna. Na ce a raina gajiya ce, gobe za ta warware. Na zauna na ɗaura shida nawa cikin minti ashirin, na manna su a katin da ke ɗauke da sunanta, nata kuma na zuba a wani gwangwanin biskit na tura ƙarƙashin teburina. Ranar ban ci abinci ba, kuma na ji daɗin kaina, ina ganin na yi abin kirki.

Gobe ba ta warware ba. Mako na gaba jatan lande ne, ido ɗaya sama ɗaya ƙasa. Na sake. Na gaba ma na sake. Tun ina ɗar-ɗar har abin ya zama min jiki: ta turo faranti, ta fita, in ɗaura, in manna, in zuba nata a gwangwani. Pi Tim ta fara tsokanata.

"Riyam, ke kam ko sabon saurayi kika yi? Kin daina cin rana, sai ramewa kike kamar ƙugiya lamba ashirin."

"Ke dai ci naki, Pi, har da nawa. Ai ga shi nan yana nunawa a kujerarki."

Ina ganin sauran alamun, ba wai ban gani ba. Pa ta fara lalube kafin ta sami almakashinta. Ta matso da fitila har tana ƙona mata gashin goshi. Wata rana da hantsi, ruwa ya ɗauke, rana ta fito fes, ta ɗaga kai ta kalli taga.

"'Yar hagu, yau hadari ne?"

"E, Pa," na ce. "Ya ɗan haɗo."

"Na ce! Shi ya sa ɗakin ya yi duhu."

Ta koma kan aikinta hankali kwance. Ni kuwa ban gyara maganar ba.

Ranar da ta fi tsaya min a rai ita ce ranar da Keson ta zo ɗaukarta a babur. Ina tsaye a bakin ƙofa ina sa takalmi, na ji suna ja-in-ja.

"Mama, jiya fa gishiri kika zuba a shayi. Mu je a duba idon nan, kin san da ciwon suga ba a wasa."

"Idon da ke ɗaura lamba ashirin da biyu shi za a duba? Ke kin san girman lamba ashirin da biyu? Ga Riyam nan, ita ke karɓar aikina kullum. Riyam, faɗa mata. An taɓa dawo min da kati?"

Su biyun suka zuba min ido. Keson da hular kwano a hannu, Pa tana murmushi.

"Ko sau ɗaya," na ce. "Idon Pa ya fi nawa."

"Kin ji ko? Tada babur mu tafi."

A wata na biyar na tafka kuskuren. Duk fasalin da na sauya kafin nan masu sumul ɗin jiki ne, ko masu gashi a cukurkuɗe, ba mai gane ta ina aka naɗo. Wannan kuwa baƙin ƙuda ne dogo, da gashin zakara da ake naɗewa a jikinsa daga wutsiya zuwa kai, layi-layi, a fili. Naɗin bahago kishiyar na mai dama ne. Abin da na sani ne tun ina 'yar sha tara, amma ranar ina sauri, ruwa ya koro mata daga ƙarƙashin bishiya tun kafin lokaci. Na ɗaura yadda hannuna ya saba, na manna, na raba.

Washegari da safe na ji ana gunaguni a layuka.

"Kai, wannan naɗin na bana a juye yake."

"Haka masu shi ke so, mana. Yi abin da kika gani."

Na waiga. Mata arba'in da huɗu, duk masu dama, kowacce ta karkace wuya tana naɗa gashi baya-baya don ya yi daidai da kati. Ni a hannuna zare da gashi hanya ɗaya suke bi, kowane zagayen zare ƙara matse gashin yake. Su kuwa zarensu na tafiya gabas, gashi na tafiya yamma, in suka zo ɗaurewa sai zaren ya riƙa tura gashin yana sassauta shi. A ido lafiya lau. Sai kifi ya sa haƙori.

Pi Tim ta ɗaga katin layinsu, ta dube shi, ta dube ni, ta daɗe tana dubana.

"Pa ta juya hannu da tsufa," ta ce.

"A ƙara gam a kan," na ce da ƙarfi don kowa ya ji. "Ɗigo biyu maimakon ɗaya."

Iyakar abin da na yi ke nan. In na karɓe katunan, dole a tambayi Pa, in aka tambaye ta kuwa komai ya tonu. Na ce gam zai riƙe. Kwana tara aka yi ana ɗaura shi, aka rufe kwali aka tura.

Bayan wata biyu, sanyi ya shigo, kwalin ya dawo.

Kun Wirat, manajanmu, ya aiko a kira Pa Buapan, da ni mai raba kati. Mutumin kirki ne, ba ya ɗaga murya, amma daga ofis ya zo mana, bai taɓa riƙe zare ba. Ya miƙe ya gaida Pa da hannu biyu, ya ba ta kujera. Sannan ya ɗauki ƙuda ɗaya daga kwalin, ya sa bakin allura ya ɗan taɓa gashin. Sai ga shi ya warware zarr, ya miƙe tsaye, ƙugiya ta rage tsirara.

"Sun ce kifi ɗaya, shi ke nan," ya ce. "Na tambayi shugabannin layi, sun ce yadda kati ya nuna suka bi. Pa, ki gafarce ni, ba tuhuma ba ce. So nake in fahimta."

Ya miƙa mata katin. Ina kallo ta miƙa hannu ta kama iska, sannan ta sami gefensa. Ba ta kai shi kusa da ido ba. Ta ɗora shi a cinya, ta sa farcen babban yatsa ta bi jikin ƙudan daga wutsiya zuwa kai. Ta sake bi. Ta tsaya a kan, wurin ƙullin ƙarshe, ta murza shi tsakanin yatsu biyu. Ita ta koya min ƙullin nan.

"Kun Wirat," na ce, "ni ce..."

"Wa ya sa bakinki?" Ba ta ko juyo ba. "Sunan wa ke jikin katin?"

Na ja da baya.

"Nawa ne," ta ce da shi. "Kuskurena ne. Yaran ba su da laifi, abin da suka gani suka yi."

Kun Wirat ya hau lallashi. Wai shekara talatin da ɗaya ba wasa ba ce, wai kowa na kuskure, wai ko za ta koma wajen tantance gashi, aiki mara wahala, Riyam ta ɗan riƙe teburin farko kafin ta huta. Pa ta saurare shi har ya gama, ta gode masa, ta ce a'a, yau za ta tattara kayanta. Ta miƙe, ta kama ƙofa, ta ce da ni, "Ɗauko min kwandona. Ina ƙarƙashin bishiya."

Lokacin aiki ne, ba kowa a wurin sai kajin maigadi. Ta zauna a kan benci, ta ajiye kwandon a gefe ba ta buɗe ba.

"Ina nawa?"

"Pa..."

"Na ce ina nawa? Ko kin zubar?"

Na koma ciki na ɗauko gwangwanin biskit. Duk ɗakin aka bi ni da ido. Na ɗora mata a cinya. Ya kusa cika. Ta buɗe, ta zura hannu a hankali saboda ƙugiyoyi, ta jijjiga shi ta ji nauyinsa. Ta zaro ɗaya daga can ƙasa.

"Wannan tsutsar rafi ce. Wace kala na sa?"

"Shuɗi."

"Wace kala aka ce?"

"Kore."

Ta shafa kan, ta ji ramin a toshe. Ta mayar. Ta zaro jatan landen mai ido sama da ƙasa, ta shafa, ta mayar.

"Tun yaushe?"

"Tun farkon damina."

Ta lissafa da yatsu, leɓenta na motsi. Wata bakwai. Na durƙusa a gabanta a ƙasa, na fara zuba: wai don kar ranta ya ɓaci, wai don kar a raba ta da kujerarta, wai ita ta rufa min asiri lokacin da za a kore ni. Ina magana ina kuka. So nake ta zage ni, na rantse, ko ta kwaɗa min gwangwanin a ka.

"Ƙullinki ya yi kyau," ta ce. "Ƙarami, a matse. Kin iya."

Ta rufe gwangwanin, ta rungume shi, ta ce in kira mata Keson a waya.

Da na koma ciki Pi Tim ta tare ni a wajen famfo. Ba wasa a fuskarta, abin da ban saba gani ba.

"Mu arba'in da shida, bahaguwa ɗaya," ta ce. "Kin ɗauka mu makafi ne? Tun ranar baƙin ƙudan na gane. Kafin nan ma ina zargi."

"To me ya hana ki magana?"

"Abin da ya hana ki."

Litinin aka mayar da ni teburin taga. Kun Wirat har ya sa aka sayo min sabuwar fitila. Na juya ƙarfen riƙe ƙugiyar Pa ya kalli hagu, sannan na zauna ina koya wa hannuna naɗin dama saboda kati, ina ɓata zare kamar 'yar koyo. Babu wadda ta yi min murna, ni ma ban so a yi ba.

Kwana goma ban iya zuwa gidanta ba. Ran Lahadi ta biyu na sayi lemo da gasasshiyar kaza wadda ba a sa wa suga ba, na hau motar Doi Saket, garinsu. Rana ta take, sama ba ko ɗigon gajimare, ana hango duwatsu tar. Keson na tsugune a gindin matakala tana wanke kwanuka. Ta gan ni, ta ci gaba da wankinta. Na gaishe ta, ta amsa ba ta ɗago ba.

"Mun je asibiti," ta ce. "Suga ya cinye jijiyoyin bayan idon. Na hagu ya tafi. Na dama saura kaɗan, za su gwada, amma sun ce kar mu sa rai." Ta kife kwano a kan kwano. "Likitan ya tambaye ni me muke jira. Ya ce da wata shida da suka wuce muka zo, da ya tare shi."

Ledar lemon ta kuɓuce min, suka gangara ƙarƙashin gidan, da yake a kan ginshiƙai aka gina shi. Keson ba ta taya ni tsincewa ba.

"'Idon Pa ya fi nawa,'" ta ce. "Hau, tana sama. Ta ji muryarki."

Pa Buapan na zaune a tabarma a baranda, ta jingina da ginshiƙi, gwangwanin biskit a gefenta. Ta rarraba ƙudajen a kan tire, na rafi daban, na teku daban, duk da lalube. Na rarrafa na zauna ƙasa da ita, na haɗa hannu na gaishe ta, duk da na san ba lallai ta gani ba.

"'Yar hagu. Ya kujerar? Ƙafarta ɗaya gajeruwa ce, ki sa kwali."

"Na sa, Pa."

Ta ɗauki wata ƙaguwa tana juyawa a yatsunta.

"Sau uku na shirya zuwa asibiti," ta ce. "Ban faɗa wa Keson ba. Har katin asibitin na sa a jaka. In na tashi da safe na ga hayaƙi-hayaƙi, sai tsoro ya kama ni, in ce yau zan je. Sai in ce a'a, bari in ɗaura na yau tukuna. In aka dawo min da samfurin, idon ne. In ya wuce, tsufa ne kawai." Ta ajiye ƙaguwar a layinta. "Kullum sai ya wuce."

Ban haƙurin da na yi ta shiryawa a mota, da na zo gabanta sai na ji kunyar fito da shi.

"Da kin watso min su a fuska ranar farko," ta ce, "da na yi fushi da ke wata guda. Wataƙila biyu. Ni ma da laifina, ban so in sani ba. Amma ke kina gani."

"Ina gani, Pa."

"To."

Keson ta hawo da ruwa, ta dire kofi ɗaya a gaban uwarta, ta kama hannunta ta ɗora a kai, ta sauka. Muka zauna. Can ƙasa wani na kiran kaji, wata mota mai lasifika ta wuce tana tallan tukwane. Rana ta zagayo ta shigo barandar, ta kwanta a kan tabarma, a kan tire, har kan ƙafafunta. Gashin ɗawisun da ke cikin ƙudajen ya hau sheƙi.

Pa ta ɗaga fuska wajen sama, ta ƙanƙance ido.

"Riyam," ta ce. Ba ta cika kirana da sunana ba. "Yau hadari ne?"

Bakina har ya buɗe da e, don ya saba. Na haɗiye ta.

"A'a, Pa. Rana ce tarwai. Babu gajimare ko ɗaya."

Ta gyaɗa kai a hankali. Ta miƙa hannu gefe tana laluben murfin gwangwanin, yana nan dab da gwiwarta, yatsunta suna wuce shi. Na miƙa hannu zan tura mata.

"Bar shi," ta ce. "Faɗa min inda yake kawai."